Lamba Casa'in da Huɗu

Gubaira, Riyad
10 ga Janairu

Ɗana Munzali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sanyi, don ƙanwarka Nazira ta nuna mini hoton da ka aiko, kana tsaye cikin ƙanƙara kamar kayan da aka manta a firinji. Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyin mahaifiyarka da ke ƙara irin ta ƙofar shagonmu. Sukarinta ya sauka. Ni kuwa likita ya ce in rage shayi, na ce to, na rage zuwa wurinsa.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu a wayarka. Na gaji da saƙonninka na murya, rabi Larabci rabi Turanci, Hausar sai a gaisuwa. Daga yau ka riƙa rubuto mini a takarda da harshen ubanka, ka ɗauki hoto ka turo. Na san zumuncinmu ya yi nisa, kakata da kakan mahaifinka marigayi Laouali ne uwa ɗaya uba ɗaya. Amma ranar da muka binne shi a Naseem, duk cikin mutanen Damagaram da ke wurin, ni aka damƙa wa hannunka. Saboda haka ina da ikon in dame ka.

Kowace Juma'a bayan la'asar, muddin ana wasa, nakan je gidanku a Utaiƙa in kunna musu wasan ƙwallonku na makon a waya. Mahaifiyarka ba ta gane komai. Ni ma haka, sai dai ni ina ɓoyewa. Tunda jami'arku ba ta rubuta suna a bayan riga, kuma kowa ya kife kwano a kansa, lamba take bi. Da ta hango casa'in da huɗu sai ta fara addu'a, ba ta dainawa sai ka tashi daga kan ɗan mutane. Ran nan ta ce mini, "Malam Buraima, yaron nan da yake kayarwa kullum, me ya yi masa?" Na ce ƙwallo ce a hannunsa, Hajiya. Ta ce, "To ya roƙe shi mana."

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Nazira ta ce an sallami kocin da ke kula da ku masu tsaro, an kawo wani. Ta ce ka ce ba komai, amma muryarka ba ta ce haka ba. Ka faɗa mini gaskiya.

Ina tambaya ne saboda na sake bin maganar iƙamarka, takardar izinin zamanka a ƙasar nan. Ka san shekara ashirin da shida ke nan ina ɗinke littattafai a shagon nan, a gefe kuma ina rubuta wa mutanenmu ma'arudi, takardar roƙo zuwa ga kafili mai ɗaukar nauyin zaman baƙo, ko mudir shugaban wurin aiki, ko asibiti. Na san ƙofofin garin nan, kuma na ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Amsar ba ta canja ba. Ka fita da hurujin ƙarshe, bizar fita ba dawowa, lokacin da Ba'amurken da ubanka ke tuƙa wa mota ya tafi da kai karatu ƙasarsu, ubanka da kake ƙarƙashin iƙamarsa kuma ya rasu. Ba ka da hanyar dawowa zama. An haife ka a Riyad, fasfonka na Nijar, ƙasar da ba ka taɓa kwana cikinta ba. A taƙaice, ƙwallon nan mai kama da gwanda ita ce gidanka a yanzu. Ka gaya mini ko rufin gidan na yoyo.

Baffanka,
Buraima

*

28 ga Janairu

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, alhamdulillah. Ka gaishe da Umma da Nazira. Ka yi haƙuri da Hausata, kwana uku ina rubuta wannan.

Akwai mushkila, gaskiya. Bari in yi maka bayani a hankali.

Da, mu huɗu ne muke tsayawa a gaba. Ni ne na ƙarshen dama. Hannuna a ƙasa, aikina ɗaya: in wuce wanda ke gabana in kama mai jefa ƙwallo. Halas. Shekara biyar abin da na sani ke nan, kuma na iya shi.

Sabon koci ya ce mutum uku za su tsaya a gaba. Ukun nan kuma manya yake so, kilo ɗari da talatin zuwa sama, kowa ya toshe hanya biyu shi kaɗai. Ni kilo ɗari da takwas ne. Ya dube ni ya ce ba ni da wuri a layin. Ya mayar da ni gefe, a tsaye. Wani lokaci in ruga gaba kamar da, wani lokaci in ja da baya in tsare masu karɓar ƙwallo. Baffa, ban taɓa gudu da baya ba a rayuwata.

Tsaron masu karɓa iri biyu ne. Akwai na mutum, ya'ani wannan naka ne, ko banɗaki ya shiga ka bi shi. Akwai na fili, an raba filin gida-gida, wanda ya shigo naka kai ne da shi, in ya fita ka bar wa maƙwabci. Na wannan kocin gauraye ne. Ka fara da tsaron fili, idonka a kan mai karɓa na biyu daga gefe. In ya miƙe sama, ya zama naka har ƙarshe. In ya juya waje, ka sake shi ka nemi na farko. Sannan mutum biyun da ke can bayanmu suna yaudara. Su nuna su biyu ne a sama, da an ɗaga ƙwallo ɗaya ya sauko, to aikina ya canja a nan take. Duk wannan cikin daƙiƙa ɗaya.

Ƙarshen Afrilu, bayan atisayen bazara, koci zai kira kowa ofis. Wanda bai samu wuri ba, ba a sabunta masa karatun kyauta. In babu karatu babu biza. Mu huɗu ne muke neman wuri biyu, kuma sauran ukun tun suna yara suke wannan aikin.

Wani abu kuma. Tun wasan Oktoba da muka haɗa kai da wani, kaina yana ciwo shuwayya, kaɗan-kaɗan, musamman in an kashe fitila ana nuna mana bidiyo. Wani lokaci a faɗi kiran tsaro, kafin in tsaya na manta. Ba komai ba ne, ina shan ƙwaya. Kada ka faɗa wa Umma.

Ɗanka,
Munzali

*

Gubaira
7 ga Fabrairu

Ɗana Munzali,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. An yi mana ruwa kwana biyu, titin shagon ya zama kogi, mutanen gari suka fito suna ɗaukar hoto kamar sun ga baƙo. Hausarka ba ta da laifi, sai dai tana tafiya kamar mai sabon takalmi. Za ta saki.

Na karanta wasiƙarka sau huɗu, a na biyar na share teburin yanka takarda. Na jera finjalan gahawa goma sha ɗaya, su ne ku. Na jera dabino goma sha ɗaya, su ne su. Basiru mai injin yanka ya miƙa hannu ya cinye mai jefa ƙwallon tun ba a fara ba, wanda a fahimtata shi ne ainihin abin da ake nema a wasan.

Tsaron mutum ban sha wuyar gane shi ba. Mun san shi a nan, sunansa kafala. Tsaron fili kuwa irin na masu gadin kasuwar Utaiƙa ne, ɓarawo na barin layinka ya zama matsalar wani. Amma wannan na kocinku, da ake fara shi a mai gadi a ƙare a kafili, ya ci mini yini guda. Na riƙe finjalinka ina kallon dabino na biyu. Na tura shi sama, na bi shi. Na juya shi waje, na sake shi. Sai na tuna da na bayan da ke saukowa, na miƙa hannu, na ture finjali uku. Ni a zaune ke nan, ba mai gudu a kaina, kuma dabinon ba ya ƙarya.

A littattafan da nake ɗinke wa ɗalibai na karanta yaƙe-yaƙe da yawa, na gabas da na yamma. Ban taɓa cin karo da sarkin yaƙin da ya ɗora jarumansa a sikeli kamar buhun shinkafa ba. Amma na ga da yawa da suka zo da sabon tsari, don in sun bar tsohon za a tambaye su me suka zo yi. Kada ka ɗauka ƙinka yake yi. Bai san ka ba ne.

Abin da ke damuna, ɗana, ba ni da abin ba ka. Da mudir ne a Riyad, na san wanda ya san direbansa. Wannan kuwa yana bayan teku, irinsu kuma da yatsu suke yi muku magana a fili.

Batun ciwon kai na riƙe, mahaifiyarka ba za ta ji ba. Ubanka ya yi shekara goma yana tuƙi da ciwon baya, bai taɓa ce wa maigidansa uffan ba, shi ya sa har yau suke ambatonsa da alheri. Jininsa ne a jikinka. Ka riƙa shafa man habbatus sauda a goshi.

Baffanka,
Buraima

*

5 ga Maris

Baffa,

Barka da shan ruwa. Ina lafiya. Ina azumi, ana atisaye da safe, da sauƙi.

Jiya ta yi muni. Na bayan ya sauko, ni ban gani ba. Na saki mutumina ina zaton akwai wanda zai karɓe shi a sama. Babu kowa. Ya kama ƙwallo shi kaɗai, har yana waiwaye. Koci ya tsayar da komai, ya zo gabana yana ihu. Na sunkuyar da kai kamar yadda kuka koya mana. Sai ya ƙara hawa, wai in dube shi in yana magana. Ya ɗauka raini ne. Na yi ƙoƙari in ɗaga ido, wallahi Baffa ya ƙi ɗaguwa.

An manna jerin sunaye a bango. Ni ne na huɗu cikin huɗu.

Ranar Asabar iyayen yara suna zuwa kallon atisaye. Suna tsayawa bakin fili, su gaisa da koci, ya san wannan ɗan wane ne. Ni in an tashi sai in wuce ɗaki. Da ma akwai wani babba nawa da zai yi masa magana, ya san ni ba malalaci ba ne.

Ba komai. Zan ƙara kallon bidiyo. A sa ni a addu'a.

Munzali

*

Gubaira
12 ga Maris

Ɗana Munzali,

Barkanmu da ibada. Mahaifiyarka lafiya, tana azumi duk da likita ya hana, wai shi ya san sukari amma bai san lada ba. Nazira na gaishe ka.

Ka ce da ma akwai babba. To ga ni. Ba zan iya tsayawa bakin fili ba, amma abin da na iya na yi. Jiya Nazira ta nemo mini adireshin kocinku a shafin jami'a, na aika masa ma'arudi.

Kada ka raina shi. Ma'arudi sana'a ce, yana da gini kamar ɗaki. A fara da gaisuwa da yabo, ba da yawa ba, don kada mutum ya ji ana shafa masa mai. Sannan a gabatar da mai roƙo. Sannan a kawo wahalar da ya sha da haƙurin da ya yi, nan ne zuciyar takardar. Roƙon kansa layi ɗaya ne a ƙarshe, don in an yi aikin da kyau, mai karatu ya riga ya amince kafin ya iso wurin. Da irin wannan na fitar da fasfon mutum daga aljihun kafili, na mayar da wani bakin aiki bayan an kore shi. Kwana uku na yi da ƙamus a cinya, Turancina ya fito da rawani da babbar riga.

Na yaba masa tsarinsa na mutum uku a gaba, na ce ko a tebur ya fi ƙarfin masu hankali. Na gaya masa kai maraya ne, kuma ba ka da ƙasar komawa. Na bayyana masa cewa a wurinmu yaro ba ya kallon babba cikin ido, wanda ya sunkuya maka ya ɗaukaka ka ne. Sannan na kawo layin da na fi ji da shi. Na ce: wannan yaro tun Oktoba yake fama da ciwon kai daga karon da ya yi a wasa, har yakan manta kiran tsaro, amma bai taɓa kai ƙara ba, bai taɓa fashin atisaye ko na yini ɗaya ba, to ina za ka samu irinsa? Na karanta wa Basiru, sai da ya share ido. A shekara ashirin da shida ban ga mudir ɗin da ya karanta irin wannan layi bai yi laushi ba.

Ka kwantar da hankalinka, mahaifiyarka ba ta san komai ba, kamar yadda ka ce. Ko Nazira ban bari ta karanta ba, danna aikawa kawai ta yi.

In ya kira ka ofis, ka sa riga mai kyau.

Baffanka,
Buraima

*

Gubaira
9 ga Afrilu

Munzali,

Barka da Salla, ko da yake ta wuce da kwana goma. Muna lafiya. An yi mana tuwo a Utaiƙa, na ci nawa na ci naka.

Wata guda ke nan ban ga rubutunka ba. Ranar Salla ka kira mahaifiyarka minti biyu, da ta ce ga Baffanka sai layin ya yanke. Na yarda layi na yankewa. Amma ban taɓa ganin layin da ya san suna ba.

Kocinku ya ba ni amsa tun ranar da na aika, cikin awa guda. Layi biyu ne. Ya gode da na sanar da shi, ya ce za su kula da kai a yau ɗin nan. Na buga ta a takarda mai kauri na nuna wa duk wanda ya shigo shagon. Mudir a nan sai ya yi wata uku bai amsa ba.

Sai dai tun shekaranjiya nake sake karanta ta, kuma kullum tana ƙara gajarta. Bai ce komai a kan wuri ba. Bai ce komai a kan sunkuyar da kai ba. Cikin shafi uku da na rubuta, da me ya gode?

Finjalan suna nan a jere, na hana a sha gahawa da su. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Baffanka,
Buraima

*

29 ga Afrilu

Baffa,

Salam. Ina lafiya, haka likitoci suka ce in riƙa cewa in ba na jin jiri.

Ranar da takardarka ta iso, ina zaune ina ɗaure takalmi, likitar ƙungiya ta shigo ta ɗauke hular wasana daga kan benci. A gaban kowa. Ta ce in biyo ta.

Baffa, nan ba Riyad ba ce, koci kuma ba mudir ba ne. A nan in aka rubuta wa koci cewa ɗan wasa ya bugu a kai yana mantuwa, ba shi da ikon sa shi a fili ko da ɗansa ne. Abin da ka kira haƙuri, su a wurinsu laifi ne. Sun tambaye ni me ya sa na ɓoye. Na ce don kada a yi mini abin da kuke yi mini yanzu.

Sati shida ina bakin fili da rigar sanyi. An yi mini gwaji iri-iri. Sun ce ba karo ɗaya ba ne, alamu sun nuna an yi wasu kafin shi. Jiya koci ya kira ni ofis. Na sa riga mai kyau. Wuri biyun an ba wasu. Ni kuma ba zan sake wasa ba, ba a nan ba, ba a ko'ina ba.

Abin da ba ka sani ba, na fara ganewa. Kwana biyu kafin takardarka, sau uku na karanta na biyun daidai. Ya miƙe sama na bi shi, na doke ƙwallon daga hannunsa. Koci ya bugi kafaɗata, na dube shi cikin ido. Ina shirin rubuto maka ke nan.

Ban aike ka ba, Baffa. Da ma na ce. Mutum in ya gaji yakan ce da ma.

Jami'a ta bar mini karatu zuwa Mayu na baɗi, in gama. Aikina in kalli bidiyon waɗanda za mu kara da su, da fitila a kunne, in rubuta wa koci yadda suke tsayawa. Bayan Mayu ban sani ba. Na duba Damagaram a taswira.

Likitar ta ce wanda ya rubuta takardar nan wataƙila ya ceci ƙwaƙwalwata, in gode masa. Na ce zan isar. Na isar.

Umma tana zaton ina wasa. Ka bar ta haka. Kada ka faɗa mata, kuma wannan karon ina nufin kada ka faɗa wa kowa, da baki ko da alƙalami.

Munzali

*

Gubaira
13 ga Satumba

Ɗana Munzali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai ya yi sauƙi, wannan ita ce tambayar da ya kamata in fara yi tun Janairu. Mu nan zafi ya fara sassautawa. Gwiwoyin mahaifiyarka suna nan yadda ka san su. Ni lafiya, sai barci da ya rage zuwa wurina.

Wasiƙa uku na aika maka tun Mayu, ba amsa, kuma ban ga laifinka ba. Na sake karanta su, na ga ko wurin ba da haƙuri sai da na yi yabo da gabatarwa. Hannu ya saba. To ga shi babu gini: na yi kuskure. Ka ce kanka na ciwo, na aika maka da man shafawa. Ka ce ka gaji, na aika da takarda. Ban san ko na cece ka ko na rushe ka ba, kuma na lura sanin ba zai mayar maka da hularka ba.

Makon jiya wani Bamaraɗe mai tuƙin babbar mota ya zo in rubuta masa ma'arudi. Ya ce in sa cewa shekara biyu idonsa na hagu ba ya gani sosai amma bai taɓa fashi ba. Na ajiye alƙalami na daɗe ina kallonsa, har ya tambaya ko lafiya. Na ce masa ya je ya dawo. Bai dawo ba, ina jin ya samu wanda ya fi ni saurin hannu.

Jiya Juma'a aka koma kallo. Mahaifiyarka ce ta aiko tun Laraba, wai an fara wasa, kada in manta. Na je. Na kunna.

Sun ba wani lambarka. Ka sani, na sani, amma ban shirya ganinsa ba. Wani ƙato ne baƙi, shi ne na tsakiya cikin ukun gaba, faɗinsa ya kai ƙofar masallaci. Mahaifiyarka ta matso da wayar kusa da ido, ta daɗe. Sai ta ce, "Masha Allah, Malam Buraima, ka ga yadda ya murje? Ashe abincinsu ya karɓe shi." Nazira ta dube ni, ta tashi ta shiga kicin, ba ta fito ba sai da aka gama. Ban faɗa mata komai ba. Yarinyar tana da ido.

Abin haushin, yanzu ina gane wasan. Na ga biyun baya sun nuna su biyu ne, na ce a raina ƙarya kuke, kuma ɗaya ya sauko. Na ga wanda ke tsaye a wurinka, mai lamba arba'in da ɗaya. Na biyun ya miƙe sama, shi kuma ya sake shi. Ban san lokacin da na ce "bi shi mana!" ba. Mahaifiyarka ta ce, "Wa? Munzali ne ya yi kuskure?" Na ce a'a Hajiya, casa'in da huɗu ya yi daidai, ya riƙe mutum biyu shi kaɗai. Kuma gaskiya na faɗa. Ta ɗaga hannu ta shiga yi masa addu'a, Allah ya tsare kansa da ƙafarsa, ya sa ya gama lafiya. Ko ɗan waye, jiya ya samu uwa a Utaiƙa.

Tana cikin addu'ar, ido a rufe, sai mai ɗaukar hoto ya juya bakin fili. Ga ka nan. Ba hula, ba kwano, fuskarka a fili, da takardu a hannu kana nuna wa koci wani abu, shi kuma ya sunkuyo yana saurare. Ka rame. Ka yi kama da Laouali har na ji tsoro. Shekara uku tana kallon wasan nan, ba a taɓa nuna mata fuskarka ba sai jiya.

Ta fara shafa addu'a. Na ɗora babban yatsana a kanka, na riƙe har hoton ya wuce.

Ka ce kada in faɗa wa kowa, ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba sai ka ce. Na daina yi maka abin da ba ka aike ni ba. Amma saura wasa goma, ɗana, kuma ba kullum take rufe ido ba. Juma'a mai zuwa bayan la'asar zan je Utaiƙa. Ka gaya mini in ɗaga yatsan ko in bar shi.

Baffanka,
Buraima